Idon Baba na Biyu

Adis Ababa, 9 ga Mayu, 2010

Yaya Lusungu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara da kowa na Rumphi. Yaya aikin asibiti? Na san har yanzu rabin jariran garin a hannunki suke faɗowa.

Shekara shida ke nan rabonmu da magana, tun ranar da littafin waƙoƙina ya fito kika kira ni kika ce na tuɓe wa Baba riga a tsakiyar kasuwa. Ba don in tayar da wannan na rubuto ba. A watan gobe Mama za ta cika shekara goma da rasuwa, shi ya sa na aiko miki da abin da ke cikin kwalin nan. Ki kwance a hankali, kada ki sa wuƙa, na san halinki.

Wata uku na zo yi a garin nan in koyar da Turanci, ga shi na shekara ɗaya da rabi. Na bar Malawi ina da shekara huɗu ban rubuta ko baiti ɗaya ba. A nan kuwa, Yaya, mutane suna bin layi don su ji an karanta waƙa kamar yadda muke bin layin taki a gida. Akwai wani mai goge da ya taɓa hango ni a cikin jama'a, ya tsaya a kaina ya rera wa sanƙona waƙa, ya ce kura ce ta lashe shi ta ji ba gishiri ta tafi. Kowa ya yi ta dariya, ni ma na yi, don rabin abin da ya faɗa kawai na gane. Da na koma ɗaki sai na ga hannuna yana neman biro. Tun daga ranar ban daina ba. Ban san da me zan saka wa garin nan ba.

Zanen da na aiko aikin wani dattijo ne, Gash Admasu. Gash ɗin kamar a ce Baffa ne, in za a kira shi sai a ce Gashe. Shagonsa yana bayan masaƙa a unguwar Shiro Meda, ya haura saba'in, tun yana yaro yake zana waliyyai a bangon coci. Na kai masa hotunanmu ya ture su gefe.

"Hoto na katin shaida ne," in ji shi. "Ni labari nake zanawa. Zauna ka gaya min su waye."

Yini uku na yi ina zuwa. Matarsa tana dafa gahawa, 'yarsu Hirut tana yi mana tafinta inda Amharik ɗina ya ƙare. Na ba shi labarin Mama da naki. Da muka zo kan Baba na ce labarinsa yana cikin littafi, na karanta masa waƙoƙin duka, har da ta ranar da ya tara makaranta, shi yana hedimasta, ya zane ni ya ƙona littattafan waƙoƙina a gaban kowa. Gash Admasu ya dai gyaɗa kai.

Dubi Mama da manyan idanunta, dubi ke da hannu a ƙugu. Ni ne mai biron nan a tsakiya. Baba kuwa ya sa shi can gefe, ya zana shi ta gefen fuska, da hancin nan nasa. Ya yi kama ƙwarai.

Naki ne, ki rataya inda kike so. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Wongani

*

Rumphi, 2 ga Yuni, 2010

Wongani,

Na gaishe ka. Muna lafiya sai godiya. Sanyi ya shigo, masara ta yi kyau bana.

Wuƙa na sa, kuma babu abin da ya same shi.

Ka ce in gaida kowa. Kowa yana da suna, sunansa Baba, kuma a gidana yake tun Kirsimeti. Shafi biyu ka cika da sanƙonka da masu goge, ba ka tambayi lafiyarsa ba. To zan gaya maka ko ba ka tambaya ba. Zuciyarsa ta kumbura, ƙafafunsa ma haka. Ni ungozoma ce ba likita ba, amma na san yadda mutum yake in ya fara tattara kayansa.

Zanen ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na yi kuka da na ga Mama. Sai dai ka gaya wa tsohon nan ban kai haka ƙiba ba.

Na rataya shi a falo, bai kwana biyu a nan ba. Baba ya sa na ɗauko masa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a kai ɗakinsa. Na ce, "Baba, nawa ne fa." Ya ce, "Ke ma tawa ce." Yanzu yana jikin bango daidai ƙafar gadonsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa. Jiya dattawan coci suka zo, ina jinsa yana ce musu, "Kun ga mai zanen nan? Bai taɓa ganina ba amma ya san ni. Kowa yana kallon gaba, ni ya juya ni ina kallon hanya. Yaron ne ya gaya masa ina jiransa."

Ban san abin da ka gaya wa mai zanen ba. In kai ka ce a yi haka, Allah ya yi maka albarka, ka fi yadda na ɗauke ka. Amma zane ba ya hawa mota. Zumunta a ƙafa take, kuma jirgin Habasha kullum sai ya sauka a Lilongwe.

Yayarka,
Lusungu

*

Adis Ababa, 27 ga Yuni, 2010

Yaya Lusungu,

Ina gaida ki, ina kuma gaida Baba. Yaya jikin nasa?

Yaya, ki sauke zanen nan. Ki ce ƙusa ce ta cire, ko gara ta shiga, duk abin da kika ga dama. Bari in gaya miki dalili.

Wasiƙarki ta zo ranar Talata. Ranar Alhamis Gash Admasu ya ce in raka shi wata tsohuwar coci a kan dutse, inda yoyon damina ya ɓata zanen bango aka kira shi ya gyara. Kin san rabona da shiga coci tun ina ɗan shekara ashirin, don kada in ji muryar Baba a cikin waƙar. A garin nan na shiga gidajen wasan kwaikwayo, na shiga ɗakunan zane, na saurari masu goge har na fara gane zambonsu, amma coci ko sau ɗaya. Ranar dai na cire takalmi na bi shi.

Bango huɗu, daga ƙasa har rufi, ba inda ba mutane. Ɗaruruwan idanu manya-manya, duk suna kallona, har na ji na gyara tsayuwa. Ina nan tsaye sai wata tsohuwa cikin farin mayafi ta shigo, tana bin waliyyan tana sumbatar bango. Da ta zo kan wasu sojoji masu bulala sai ta ja tsaki, ta yi musu daƙuwa ta wuce. Na lura su ta gefen fuska aka zana su. Na duba sarkin da ya sa aka kashe jarirai, shi ma haka. Na duba wanda ya ci amanar Ubangijinsa a wurin cin abincin dare, shi ma haka.

Na ce, "Gashe, me ya sa waɗannan ido ɗaya gare su?"

Yana kan tsani, ko juyowa bai yi ba. "Shekara ɗaya da rabi kana cin injera, gurasarmu, ba ka san wannan ba? Mutumin kirki ido biyu ake yi masa, ya kalle ka ka kalle shi. Mugu ta gefe ake zana shi, don kada idonsa ya faɗa kan mai ibada. Ko jariri ya sani."

Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "To Babana fa?"

"Babanka me?"

"Ka zana shi tare da masu bulala!"

Sai a lokacin ya sauko, ya goge hannu a rigarsa. "Kai ka zana shi, ɗana. Ni fenti na shafa. Waƙa talatin da ɗaya ka karanta min, ina zaune ina jira in ji ya yi dariya sau ɗaya, ko ya ɗauke ka a kafaɗa. Ban ji ba. Ido ɗaya ka kawo min, in saci na biyun a ina? A wurin maƙwabci?"

Na ce ban san ƙa'idar ba. Ya ce, "Baƙo ko da ido makaho ne. Amma da ka sani, da za ka ce ƙarya na yi?"

Abin da Baba ya yi min a gaban makaranta ya yi, ban ƙirƙira ba, ke ma kina wurin. Amma in tuna yana kwance yana nuna wa dattawa, yana cewa jirana yake, alhali abin da zanen ke faɗa shi ne wannan mugu ne, wannan ba zan iya ɗauka ba. Na gaya wa Gash Admasu abin da Baba ya ce. Sai ya karɓi adireshinki.

Zancen zuwa kuwa, ki yi min haƙuri tukuna. Ban san da wace fuska zan shiga ɗakin nan ba.

Ƙaninki,
Wongani

*

Adis Ababa, 29 ga Yuni, 2010

Zuwa ga Malama Lusungu mai daraja,

Ina miƙa gaisuwar girmamawa gare ki da mahaifinku da dukan gidanku. Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Ni ne Admasu mai zane. 'Yata Hirut ce take rubuta abin da nake faɗa, in kin ga kuskure nata ne.

An gaya min kin ce na ƙara miki ƙiba. Ƙaninki ya ce idan kika tsaya a ƙofa babu mai wucewa, ni kuma na ɗauka faɗin jiki yake nufi. A gafarce ni.

Shekara hamsin da tara ina wannan aiki. Na zana mugaye da yawa ta gefe, ban taɓa jin ɗayansu ya dubi kansa ya ce hanya yake kallo ba. Mugu in ya ga an juya shi cewa yake an rage masa girma. Saboda haka ina zargin na yi wa mahaifinku ba daidai ba, kuma ba na son in mutu da wannan a hannuna. Malamina ya koya min kada in yanke wa mutum fuska da bakin mutum ɗaya, ranar nan na manta, don ƙaninki ya iya karatu ƙwarai har matata ta bar gahawa ta ƙone.

Ina roƙonki abu ɗaya. In akwai ɗaya idon, ki aiko min da shi. In babu, ki gaya min babu, in bar zanena yadda yake.

Allah ya ƙara girma.

Admasu

*

Rumphi, 21 ga Yuli, 2010

Baba Admasu,

Na amsa gaisuwarka da hannu biyu. Ina gaida Mama uwargidanka da Hirut. Zancen ƙiba ya wuce, maigidana ma ya ce gaskiya ka zana.

Na yi wa Baba rantsuwa da Littafi Mai Tsarki cewa ba zan taɓa gaya wa Wongani abin da zan rubuta yanzu ba. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da ita. Na yi ta juya maganar a raina sati guda, na ga ban taɓa rantsuwa cewa ba zan gaya wa mai zane ba. Abin da za ka yi da wasiƙarka kuma, taka ce.

A wancan zamani a ƙasarmu mutum yakan ɓace saboda waƙa. Wongani yana da shekara goma sha shida ya rubuta wata a kan tsohon zakara da yake cewa shi ke fito da rana. Zakara kuwa shi ne tambarin masu mulki. Ya karanta wa abokansa, suka haddace, ta zaga gari. Ranar wata Litinin da safe 'yan sandan ciki biyu suka zo ofishin Baba da mota. Ni na kai musu shayi, na tsaya a bayan ƙofa. Suka ce yaron za su tafi da shi ya amsa tambayoyi. Mun san waɗanda aka tafi da su amsa tambayoyi, har yau iyayensu suna jira.

Na ji Baba yana dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce, "Wannan sakaran? Ranku ya daɗe, kada ku ɓata man motarku. Ku zauna ku ga yadda nake maganinsa." Ya sa aka buga ƙararrawa. Abin da ya biyo baya ƙanina ya rubuta shi a littafinsa, kuma bai ƙara komai ba. Bulala goma sha biyu, littattafai huɗu a wuta. Abin da bai gani ba shi ne mutum biyun da ke zaune a inuwar mangwaro suna ƙirgawa. Sun tafi su kaɗai.

Da yamma na sami Baba a bayan gida yana amai. Wata biyu bayan nan aka sauke shi daga hedimasta aka tura shi wata makarantar ƙauye, muka ce wa Wongani canjin wurin aiki ne. Baba ya ce kada a gaya masa, don bakinsa ba ya riƙe magana, zai sake yin wata waƙar a zo a ɗauke shi da gaske. Da mulkin ya faɗi na ce to yanzu fa? Ya ce ya wuce. Da littafin ya fito na zo masa a fusace na ce yau sai na faɗa. Na same shi da jan biro yana karantawa. Ya ce, "Ki bar shi. Dukan na yi, ba ƙarya ya yi ba. Kuma waƙoƙin suna da kyau, ta goma sha tara ce kawai ta yi tsawo."

Ga abu na ƙarshe. Kafin a buga ƙararrawar ya ce wa mutanen zai je ya ɗauko littattafan a gida. Ya daɗe bai dawo ba har suka fara tsaki. Ashe karantawa ya tsaya yi. Yanzu da ciwo ya sa yana mance sunan jikokinsa, waƙar zakaran nan tana bakinsa daga farko har ƙarshe. Yana rera ta in ina yi masa wanka, ya yi ta dariya yana cewa, "Shegen yaro."

Ban sauke zanen ba, kuma ba zan sauke ba. Ka gaya wa ƙanina ƙafafun sun fara tsatsar ruwa. Shi ba ungozoma ba ne, amma zai gane.

'Yarka,
Lusungu

*

Adis Ababa, 10 ga Agusta, 2010

Zuwa ga 'yata Lusungu,

Gaisuwa da godiya. Idon ya iso lafiya.

Hirut ba ta nan ranar da wasiƙarki ta zo, ni kuma ba na jin Turanci, sai na ba ƙaninki ya karanta min. Kin ga ba ki karya rantsuwa ba, ni ma ban karya ba. Ya kai wajen inuwar mangwaro ya kasa ci gaba. Matata ta naɗa loma ta sa masa a baki da hannunta har sau uku, kamar yadda muke yi wa namu, sannan ya ƙarasa.

Kwana tara na yi a kan sabon zanen, na ajiye aikin coci, waliyyai sun saba jira. Ƙaninki ya zauna kusa da ni yana gaya min abubuwan da ya ce ya manta: wai mahaifinku ne ya koya masa iyo a kogi, wai yakan yi waƙa in yana aske gemu. Na ce masa, da can ina waɗannan suke?

Ba zan ba gidan waya wannan zanen ba. Na naɗe shi na ɗaura wa mai shi a baya. Jirginsa ranar Asabar ne. In ya tsaya a ƙofa yana jan ƙafa, ki tura shi ciki.

Ki sumbaci hannun mahaifinku a madadina, ki ce wani tsoho a Habasha yana neman gafararsa. Ba sai kin gaya masa dalili ba.

Admasu

*

Rumphi, 19 ga Agusta, 2010

Gashe,

Ina gaida ka, da Mama, da Hirut, da dukan masaƙan layinku.

Na same shi da rai. Yaya ta tura ni ciki kamar yadda ka ce. Ya dube ni ya ce, "Ina gashin kanka?" Na durƙusa na kama ƙafafunsa. Shi ya fara waƙar zakara, ni da na rubuta ta na manta rabinta, yana gyara min.

Na gode, Gashe. Na zo garinku ina neman waƙa, kuka ba ni ita, kuka haɗa min da uba.

Jiya na warware sabon zanen na rataya kusa da tsohon. Ya sa tabarau, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ina ta fatan kada ya tambaye ni bambancin. Can ya nuna tsohon ya ce wa Yaya, "Ɗauki naki ki mayar falo."

Sannan ya nuna sabon, mai ido biyun.

"A bar min wannan," in ji shi. "Wannan ba ya jiran kowa."

Ɗanka,
Wongani